Columbo: Ɗan Sandan da Manya Suka Raina

Yawancin labaran binciken kisan kai a kan tambaya guda suke tsayawa: wa ya yi? Marubuci ya ɓoye sunan mai laifi, ya yi ta wasa da hankalin mai kallo, sai a ƙarshe ya yaye labule. Irin wannan labari yana da daɗi, amma daɗinsa na yini ɗaya ne, domin wanda ya riga ya san amsa ba shi da dalilin komawa. Shirin talabijin na Amurka mai suna Columbo ya bi wata hanya dabam. Tun a farkon kusan kowane kashi ake nuna maka mai kisan, ka ga fuskarsa, ka san dalilinsa, ka ga yadda ya shirya shaidar ƙarya ya goge sawunsa. Sau da yawa sai an ci kusan kwata na awa kafin ɗan sandan ma ya bayyana. Amma ga shi fiye da shekara hamsin ana kallonsa, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka fara shi. A ganina dalilin shi ne an gina shirin a kan halin ɗan Adam, musamman raini, kuma hali ba ya ƙarewa don an san ƙarshen labari.

Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi. Peter Falk ya fara fitowa a matsayin Laftana Columbo na 'yan sandan Los Angeles a wani fim na talabijin a 1968, sannan tashar NBC ta riƙa nuna shirin daga 1971 zuwa 1978. Tashar ABC ta dawo da shi a 1989, ya ci gaba jifa-jifa har 2003, jimilla kashi 69. Kashin da ya buɗe zangon farko wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ba da umarninsa, wato Steven Spielberg. Dabarar nuna mai laifi tun farko ta girmi talabijin, don marubucin Ingila R. Austin Freeman ya yi amfani da ita a wani littafinsa na 1912, kuma masu shirin sun faɗa cewa sun ɗauko wani abu na halin gwarzonsu daga Porfiry, mai binciken nan na littafin Dostoevsky ɗan Rasha. Abin da Falk ya ƙara shi ne jiki da kama. Tsohuwar rigar ruwan da ta yamutse tasa ce ta kansa. Idonsa na dama an cire shi ne tun yana ɗan shekara uku saboda cutar daji, shi ya ba shi wannan kallo na kaikaice. Ga guntuwar taba a hannu, ga tsohuwar Peugeot 403 mai tari, ga hirar matar Columbo da ba a taɓa nuna fuskarta ba. Columbo ba ya son riƙe bindiga, kuma da wuya ka ga ana tsere da motoci.

To dubi waɗanda yake bincika: likitan tiyata, shugaban makaɗa, marubuci, ɗan siyasa mai neman kujerar majalisa, attajirin da ke zaune a gidan da ƙofarsa kaɗai ta fi albashin ɗan sanda na shekara. Mutane ne da duniya ta saba gaya musu cewa sun fi kowa wayo. Da sun ga wannan bawan Allah yana laluben fensir a aljihu, yana ba su haƙuri, yana yaba kujerunsu, sai hankalinsu ya kwanta. Nan tarkon yake. Columbo ba ya zargin kowa kai tsaye. Yakan kawo wani ɗan ƙaramin abu ya ce ya hana shi barci, shi kuwa mai laifi, don ya nuna basira kuma ya rabu da shi, sai ya ba da bayanin da ba a tambaye shi ba. Ya kai bakin ƙofa kamar ya tafi, mutum ya sauke ajiyar zuciya, sai ya juyo ya ce saura abu ɗaya kawai. Kowane bayani yana buƙatar wata ƙaryar da za ta tallafe shi, har ginin ya yi wa mai shi nauyi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma duk wanda aka taɓa yi wa kallon banza saboda sutura ko lafazi ya san dalilin da ya sa wannan ke sanyaya zuciya.

Akwai wani kashi na 1971 da ya nuna wannan ƙarara. Wani masanin zane-zane ya kashe kawunsa, ya sace zane biyu masu tsada, daga baya ya dasa su a gidan wata baiwar Allah don laifin ya faɗa kanta. Bai kula ba cewa wata rana da yake ɗauke da su a jaka, Columbo ya miƙa hannu ciki ya taɓa su. Da aka sami shaidar yatsun Columbo a jikin zanen, mutumin ya ɗaga murya ya ce ai yanzu-yanzu ya taɓa su. Sai Columbo ya zaro hannuwansa daga aljihu, ga su cikin safar hannu. Ko ka kalli wannan sau biyar, lokacin da hannuwan suka fito ba ya rasa ƙarfinsa, domin abin da kake kallo shi ne fuskar mai girman kai a daidai lokacin da ya gane wanda yake hulɗa da shi.

Masu suka suna cewa labarin ɗaya ne ake ta maimaitawa. Haka ne, kuma ba aibi ba ne. Yaron da ke sauraron tatsuniya ya san Gizo zai yi wa Kura wayo tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku, abin da ya zaunar da shi shi ne ta yaya za a yi a wannan karon. Tsayayyen tsari shi ke ba 'yan wasa fili, shi ya sa Patrick McGoohan ya fito a matsayin mai kisa har sau huɗu, Jack Cassidy sau uku, ba wanda ya yi kama da wani. Hujja mafi ƙarfi ma daga shirin kansa ta fito. A 1992 da 1994 an yi kashi biyu da aka ɗauko daga littattafan Ed McBain, aka watsar da tsarin da aka saba, kuma su ne masoyan shirin suka fi yawan ƙorafi a kansu.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa hujjojin Columbo da yawa ba za su tsaya gaban alƙali ba, kuma shi kansa yana yaudara, yana ɗana tarko da bayanan ƙarya. Wannan gaskiya ne, kuma a rayuwa ta zahiri ɗan sanda mai irin wannan 'yanci abin tsoro ne. Abin da ya wanke shirin shi ne mun ga kisan da idonmu, don haka ba ma fargabar a zalunci marar laifi, sannan dabarar tasa a kan masu ƙarfi take sauka. A wani kashi na 1974 mai kisan mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne, wato maigidansa, kuma bai ɗaga masa ƙafa ba. Ladabin nasa ma ba duka ne wasan kwaikwayo ba. Ya fusata a fili da likitan da Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa, wanda ya ɗinke zuciyar abokin aikinsa da zaren da zai narke, amma ya tausaya wa tsohuwar 'yar fim ɗin da Janet Leigh ta taka a 1975, wadda ciwon ƙwaƙwalwa ya mantar da ita abin da ta aikata. Yana bambanta mugu da wanda ya faɗi, ba tare da ya ce kisa ba kisa ba ne.

Saura masu cewa zamani ya wuce shi, tunda yanzu ana yayin labari mai dogon zango, wanda sai ka bi kashi goma kafin ka ga inda aka dosa, kuma dole mai binciken ya zo da nasa ciwon zuciya. Columbo na 2003 shi ne na 1971, sai dai furfura. Amma wannan ne ya sa kowane kashi ya zama cikakken fim na awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa awa ɗaya da rabi, wanda za ka iya farawa daga ko'ina ka tashi da gamsuwa. Masu sana'ar ma sun san darajar hakan. A Japan, inda aka ƙaunaci shirin ƙwarai, an yi Furuhata Ninzaburo a 1994 a kan wannan tsari, kuma a 2023 Rian Johnson ya fito da Poker Face a Amurka, yana nuna mai kisa tun farko kamar yadda Levinson da Link suka yi. Falk ya ci lambar yabo ta Emmy sau huɗu da wannan rawa kafin rasuwarsa a 2011, kuma a 2014 aka kafa mutum-mutumin Columbo da karensa a wani titi na birnin Budapest.