Kama Da Wane Ba Ta Wane: Bayanin Bututun Roba Na Ruwan Zafi

Duk wanda ya shiga layin masu sayar da kayan famfo a kasuwa zai tarar da bututun roba a jingine, ga fari, ga baƙi, ga kore, ga mai ruwan madara. Manoma sun daɗe da saninsa, da shi ake kafa rijiyoyin fadama, da shi ake jan ruwa zuwa lambu, domin ba ya tsatsa, ba shi kuma da nauyi kamar na ƙarfe. Amma mutane da yawa suna zaton roba duk roba ce. Wannan zato yakan jawo hasara ta hanya biyu. Wani ya sa mai araha a inda ruwan zafi ke bi, ya fashe masa a cikin bango. Wani kuwa ya ɓad da kuɗinsa a kan mai tsada a inda mai araha zai wadatar.

Farin bututun da aka fi sani sunansa PVC. Akwai ɗan'uwansa da ake kira CPVC, shi ne na ruwan zafi. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya fito da shi, aka fara aikin famfo da shi a 1959. Asalinsu ɗaya, sai dai shi an ƙara masa kulorin, watau sinadarin nan da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. A jikin PVC kulorin kashi 57 ne cikin 100, a jikin CPVC kuwa yakan kai 63 zuwa 69. Wannan ɗan ƙari shi ya raba su. Iyakar zafin da PVC ke ɗauka digiri 60 ne, in ya wuce nan sai ya yi laushi, ya lanƙwashe, mahaɗinsa ya saki. CPVC yana jurewa har digiri 93. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, saboda haka ko shi ɗin ba a ba shi tafasasshen ruwa ko tururi. Mai turara shinkafa sai ya tsaya ga ƙarfe.

Inda Yake Da Amfani

Wurin tara madara shi ne na farko. Maiƙon madara ba ya fita daga garwa sosai sai da ruwa mai zafi, garwar da ba ta wanku ba kuwa ita ke sa madarar gobe ta lalace tun ba ta kai ga mai saye ba. Haka wurin fige kaji, da ɗakin girki, da makewayi mai tukunyar ɗumama ruwa. Masu kiwon kaji kuma suna iya zagaya ɗakin 'yan tsaki da bututun ruwan ɗumi lokacin hunturu, gama ɗan tsako yana bukatar zafin digiri 32 zuwa 35 a makonsa na fari. Sai dai roba ba ta sakin zafi da sauri, saboda haka a bar mata aikin kai ruwan, a cikin ɗakin kuwa a sa ƙarfe wanda zai ba da ɗumin. Har wa yau kulorin da ake zuba wa ruwan shan kaji ba ya cinsa.

Wajen ban ruwa a lambu kuwa babu dalilin sayensa. PVC da baƙin bututun nan mai naɗi sun isa, sun kuma fi shi araha nesa.

Yadda Ake Haɗa Shi

Ba a gasa bakinsa a wuta a cusa wani a ciki, kamar yadda waɗansu ke yi a gona. Da gam ake haɗa shi, gam ɗin kuwa nasa dabam ne, tilas a ga an rubuta CPVC a jikin gwangwanin. Aikin gam ɗin shi ne ya narkar da fatar bututu da ta mahaɗi su zama abu guda. A yanka bututu daidai, ba a karkace ba, a kankare bakin, a goge da busasshen tsumma. A shafa gam a bakin bututu, a shafa kaɗan a cikin mahaɗi, a tura har ƙarshe ana ɗan murɗawa, a riƙe kamar sakan 30. Gam in ya yi yawa ya taru a ciki yakan raunana bututun. Sa'an nan a jira lokacin da aka rubuta a gwangwani kafin a saki ruwa. Warin gam ɗin yana kama wuta, kada a sha taba a wurin.

Bututun yana miƙewa in ya ji zafi. Mai tsawon ƙafa 100 yakan ƙaru da wajen inci 4 in zafin ruwa ya hau da digiri 55. In an ɗaure shi tamau, ko an matse shi tsakanin bango biyu, zai tsage. A bar masa lanƙwasa inda zai motsa, a kuma tallafe ƙarami a kowace ƙafa 3. Ƙarfinsa ma yana raguwa da zafi: matsin ruwan da zai ɗauka a digiri 82 kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da zai ɗauka a digiri 23.

Abokan gabansa a gona suna da yawa. Man gyaɗa, da man ja, da giris, da magungunan ƙwari da na gara waɗanda ake haɗawa da mai, duk suna shiga jikinsa sannu a hankali, ya yi 'yan tsage-tsage, wata rana ya fashe ba a taɓa shi ba. Mai injin matsar gyaɗa da mai feshi su lura da wannan ƙwarai. Rana kuma tana ƙeƙasar da shi, wanda ke waje sai a rufe shi ko a shafe shi da fentin ruwa, ban da fentin mai.

Maganar Gobara

'Yan kasuwa ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 ba, ga shi kuma ana yi musu tallar bututun kashe gobara. Ga yadda abin yake. Ana shimfiɗa bututu cike da ruwa a ƙarƙashin rufin ɗaki, da 'yan kawuna a jere, kowane an toshe shi da 'yar kwalba mai ruwa a ciki. In zafi ya kai digiri 68 sai mai jan ruwa ta fashe, ruwa ya feso a kan wutar. Kawunan da ke kusa da wutar kaɗai ke buɗewa, saura suna nan a toshe.

Tun 1984 ake yin wannan aiki da CPVC, mai launin lemo, irin su BlazeMaster. Abin da ya sa aka yarda da roba a nan shi ne ba ta riƙe wuta. Kafin ta ci gaba da ci da kanta sai oksijin ya kai kashi 60 cikin 100 na iska, alhali iskar duniya 21 gare ta. Amma ƙa'idar Amurka, inda aka ƙago shi, ta tsayar da shi ga wuraren da kayan cin wuta ba su da yawa, kamar gidaje, da ofisoshi, da makarantu, da asibitoci, da masaukin baƙi. Sito mai cike da auduga, ko buhunan gyaɗa, ko dilolin atamfa, na ƙarfe ne nasa. Kuma ko wane iri aka sa, in babu tanki cike da ruwa da injin da zai tura shi ko an ɗauke lantarki, ado ne kawai aka rataya.

To, mai saye kada ya dogara ga launi, ko ga bakin mai kanti. Kowane bututun kirki an buga sunansa a jikinsa, da girmansa, da zafin da yake ɗauka. A karanta kafin a biya, wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya. In babu rubutu a jiki a bar shi, ko nawa aka rage, gama araha ba ta ado. Allah ya tsare dukiyar jama'a, amin.