Takardun Richard Hill da Amfaninsu ga Ɗalibin Fassara

Ɗalibin fassara ya saba ganin littafi bayan an kammala shi, an buga shi fes, kamar dai kalmomin da kansu suka jeru. Wahalar da mafassari ya sha ba ta fitowa a bugu. Takan rage ne a wasiƙunsa da daftarinsa da 'yan katunan da ya yi ta rubutu a kai. Wannan takarda za ta dubi irin wannan taska ta wani Baturen Ingila, Richard Leslie Hill (1901-1996), wanda yawancin aikinsa a kan Sudan ne.

Hill ya shiga aikin jirgin ƙasa na Sudan a 1927. Daga 1945 zuwa 1949 ya koyar a kwalejin da ta zama Jami'ar Khartum a 1956, sannan ya koma Jami'ar Durham a arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1960 ya koyar da tarihi a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, lokacin tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, don haka ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

A Durham ne aka kafa Ma'ajiyar Takardun Sudan a 1957, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yancin kai, kuma Hill ne jigon kafa ta. Ya bi tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka da iyalansu yana roƙon wasiƙu da hotuna da taswirori kafin su salwanta. A nan takardun Wingate suke, wato jami'in leƙen asirin da ya tattara takardun daular Mahadi bayan faɗuwar Omdurman a 1898, daga baya ya zama Gwamna Janar. Takardun Hill kansa ma suna cikin wannan ma'ajiya.

Abin da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne aikinsa na tacewa da fassara. A 1951 ya fitar da ƙamus na tarihin mutanen Sudan mai ɗauke da sunaye sama da 1,900. A 1970 ya buga On the Frontiers of Islam, fassarar rubuce-rubucen hannu guda biyu, ɗaya na Italiyanci ɗaya na Faransanci, a kan zamanin mulkin Turkawa da Masarawa wanda ya fara da mamayar 1820. A 1980 kuma shi da Paul Santi suka fitar da The Europeans in the Sudan.

A lura da tsawon hanyar da kalma ɗaya ta bi a irin wannan aiki. Basudane ya faɗi sunan gari da Larabcin yankinsa, ɗan Italiya ya ji da kunnensa ya rubuta da ƙa'idar harshensa, bayan shekara ɗari da wani abu Baturen Ingila ya zo yana neman gane wane gari ake nufi. In Bahaushe ya ɗauki fassarar Hill zai mayar da ita Hausa, ya zama hannu na huɗu ke nan. Kuskure kuwa a kowace gaɓa yana iya shiga.

Muƙamai sun fi sunaye rikitarwa. Alal misali, mudir a Larabcin yau shugaban ofis ne ko na makaranta, amma a Sudan ta ƙarni na 19 mai mulkin lardi ne sukutum. Wanda ya fassara shi da "manaja" ya rage wa mutum sarauta. Haka kalmar "Baturke". A bakin Sudanawan wancan zamani ta haɗa duk wanda ke cikin masu mulki, ko ɗan Albaniya ne, ko Bakurde, har ma da Bature. Shi ya sa suka kira mulkin Ingilishi da ya biyo baya Turkiyya ta biyu. Littafin da aka buga yana nuna kalmar da mafassari ya zaɓa ne kawai. Waɗanda ya gwada ya soke, da wanda ya tambaya, da inda ya yi ta waswasi, sai a takardunsa ake neman su. Darasin fassara ya fi yawa a kalmar da aka soke.

Wannan matsala ta suna ta shafi Hausawa kai tsaye. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'a da dama sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu, a garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Alhazai masu tafiyar ƙasa ma sun daɗe suna yada zango a Sudan. Amma ɗalibin da ya nemi kalmar "Hausa" kaɗai a jerin takardun wancan zamani zai yi asarar abu mai yawa, domin galibi an rubuta mutanen Yamma ne da sunan Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

Akwai ƙorafin da ya dace a yi: me ya sa tarihin Khartum da Omdurman zai zauna a Durham, inda ɗalibin Sudan ko na Nijeriya sai ya nemi biza da kuɗin jirgi? Ƙorafin na da ƙarfi. Sai dai a tuna Sudan tana da nata Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Khartum, wanda Muhammad Ibrahim Abu Salim ya daɗe yana shugabanta, kuma a can ne aka adana mafi yawan takardun Mahadiyya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya jefa irin waɗannan wurare cikin haɗari. A shekarar ne wuta ta cinye laburaren Cibiyar Muhammad Omar Bashir ta nazarin Sudan a Jami'ar Ahliya ta Omdurman. Wani ɓangare na kayan tarihin ƙasar ya tsira ne a hotunan da shirin Sudan Memory ya ɗauka ya sa a intanet kafin yaƙin. Ita ma Durham ta sa jerin sunayen takardunta a intanet, saboda haka ɗalibi a Kano ko Sakkwato yana iya fara neman Fallata da Mai Wurno daga kan kujerarsa.