Wat 5,000 a Jikin Kwali: Abin Lura Ga Masu Cinikin Kayan Sauti

KONTAGORA: Da zarar kaka ta yi, manoma suka fara kai masara da dawa da gyaɗa kasuwa, cinikin kayan sauti kan buɗe a garin Kontagora na Jihar Neja. Kwamitocin masallatai kan nemi amfilifaya da lasifika, masu ba da hayar kayan kiɗan biki kan sabunta nasu, matasa kuma su sayi akwatunan da ake haɗawa da wayar hannu. Akasarin kayan daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga Kano ake saro su, kuma abin da ya fi jan hankalin mai saye shi ne lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali: wat 2,000 ko wat 5,000, da haruffan P.M.P.O. a gefe.

Waɗannan haruffa suna nufin ƙololuwar ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa cikin ƙiftawar ido. Babu wani ma'auni da aka amince da shi wajen auna wannan ƙarfi, don haka kowace masana'anta takan yi lissafinta yadda ta ga dama. Rikoda mai cin manyan batura 6 tana aiki ne da bolt 9, kuma a ƙa'idar lantarki da ƙyar irinta take ba lasifika wat 10, ko da kuwa an rubuta dubu a goshinta. Irin wannan zuguguta lamba ce ta sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a shekarar 1974, wadda ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya bayyana ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba yankewa, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da R.M.S.

Mai saye yana iya gano gaskiya ba tare da wata na'urar awo ba. A bayan akwati, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai ɗan allo mai nuna yawan wutar da yake ci. Akwatin da ke cin wat 40 ba zai dawwama yana fitar da fiye da haka ba, domin wani kaso na wutar ma zafi yake komawa. Har ila yau, sai an ninka ƙarfi kusan sau 10 kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sau 2.

Bayan lamba sai tarkacen da ake liƙa wa ciniki, musamman wayoyi masu kai mai ruwan zinariya da ake cewa suna tace murya. Amfanin ruwan zinariya shi ne hana tsatsa, wanda ba abin rainawa ba ne da damina, amma ba ya ƙara wa sauti komai. A wannan fage ma Turawa sun fi mu faɗawa tarko. Wajen shekarar 1990 an sayar musu da koren alƙalami na shafa wa gefen faifan CD wai don sauti ya gyaru. A shekarar 2007 kuwa, James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa ladar dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance wayar lasifika ta dala 7,250 da wata mai rahusa ta hanyar saurare kawai. Gwajin bai yiwu ba, ba kuma wanda ya karɓi kuɗin.

Inda waya take da tasiri na gaske shi ne kauri da tsawo. Idan za a ja ta daga cikin masallaci zuwa lasifikar da ke kan hasumiya, siririyar waya takan cinye wani ɓangare na ƙarfin tun a hanya. A nan ne kuma ha'incin da ya fi cutarwa yake: wayar alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ake sayar da ita a farashin jan ƙarfe zalla. Alminiyum yana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. Idan aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, to ita ce. A hannu ma ta fi sauƙin nauyi.

Dokar shekarar 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko na yaudara a kan haja. Sai dai idan amfilifayar da jama'a suka yi karo-karo suka saya ta ƙone ranar Juma'a, mai shagon Kontagora za a nema, domin shi aka sani, masana'antar kuwa tana can ƙetare. Saboda haka ya dace mai sari ya nemi a nuna masa lambar R.M.S. tun a Alaba, ya kunna wa mai saye kayan da irin lasifikar da zai yi aiki da ita, sannan ya rubuta wannan lamba a rasit.