Igiyoyin da ke riƙe da ƙwayar jininka



Ka san rumfa: akwai dirkoki, akwai kara, amma in babu igiyar ɗauri, iska ɗaya ta ishe ta. Haka ƙwayar halittar jikinka take. A cikinta akwai zaruruwa iri uku da ke tallafe ta: siraran zaren aktin masu kaurin nanomita 7, matsakaita irin su keratin masu kusan 10, sai ƙananan bututai masu 25. Nanomita ɗaya kuwa, milimita ce aka raba gida miliyan. Wasu furotin ne ke ɗaure zaruruwan nan, su kuma liƙa su a bangon ƙwayar. Filektin, alal misali, yana haɗa iri ukun. In ya samu matsala, fatar yaro kan yi bororo da ɗan gogawa kaɗan.

To, bari mu dubi jar ƙwayar jini. Faɗinta wajen maikuromita 8 ne, amma tana kutsawa ta jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, ta lanƙwashe ta sake miƙewa, har kwana kusan 120. Sirrin yana ƙarƙashin bangonta: wata raga ce ta furotin sifektirin, wanda Marchesi da Steers suka gano a Amurka a 1968. Dogayen zaren sifektirin na kama gajerun aktin, shi kuma ankirin ya ɗaure ragar a bango.

Ina ruwanka da wannan? Ruwanka ne kuwa. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, falsifarum, in ta shiga jar ƙwaya sai ta zuba nata furotin, su manne wa sifektirin, ta kuma warware aktin ta yi aikinta da shi. Nan ƙwayar jini za ta sandare, ta fito da ƙuraje masu danƙo, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne za ka ga yaro yana jijjiga ko ya suma.

Don haka in zazzaɓi ya kama yaro, kada a jira sai gobe. A kai shi asibiti a gwada jini, ko a Maraɗi kake ko a Katsina. Allah ya ba mu lafiya.