SAYAR DA GWANI: RIBA CE KO ASARA?

Masu karatu, a watan Janairu na 1994 ko na 2024, tambayar ɗaya ce: idan ƙungiyar ƙwallon kwando ta tsufa, ta riƙe gwaninta ko ta sallame shi?

A 2024 ƙungiyar Toronto ta Kanada ta miƙa Pascal Siakam, haifaffen Duwala a Kamaru, ga Indiana. Da shi ta ci kofin NBA a 2019. Amma kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, kuma yana iya tafiya ba a samu ko anini ba. Sai ta karɓi 'yan wasa uku, da damar zaɓen matasa uku a zagayen farko.

Magoya baya sun ji zafi. A 2025 Siakam ya kai wasan ƙarshe tare da Indiana, Toronto kuwa ko wasannin neman kofi ba ta shiga ba.

To, wa ya doke Indiana? Oklahoma ce, wadda ta sallami Paul George a 2019, ta karɓi saurayi Shai Gilgeous-Alexander. Shekara shida ta jira, saurayin nan ya kawo mata kofi.

A ganinmu, sallamar gwani ba laifi ba ce, muddin shugabanni sun iya zaɓen iri, kuma suna da haƙurin jiran kaka. Wanda ba shi da waɗannan biyun, gara ya riƙe abinsa.