Masu Hisabin Tsufa

Shirinmu na musamman na yau ya shafi wani fanni na ilmi wanda, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin labarinsa, babu ma'aikacin gwamnati a jihar Jigawa da abincin tsufansa bai rataya a kansa ba, wato ilmin hisabin inshora da fansho, wanda ake ce wa ma'abocinsa akcuwari.

Tun a shekarar 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, shekara uku kafin gwamnatin tarayya ta yi tata dokar fansho ta 2004, Jigawa ta kafa asusun fansho na karo-karo ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, gwamnati kuma ta ɗora kashi 17. A tsarin tarayya abin da mutum ya tara a asusunsa shi ne rabonsa. A namu kuwa kuɗin kowa wuri guda suke zuwa, kuma alkawari aka ɗauka cewa za a biya garatuti da fansho gwargwadon albashi da shekarun aiki, har ranar da rai ya yi halinsa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mu ƙaddara wani magatakarda a Kiyawa ya kama aiki yana ɗan shekara 25, ya yi shekara 35 ana yankar albashinsa, ya ajiye aiki yana da 60. Idan Allah ya ƙara masa shekara goma, asusu zai biya shi na wata 120. Idan kuwa ya kai 85, na wata 300 ke nan, alhali abin da ya zuba bai ƙaru da ko kwabo ba. In aka haɗa da ƙarin albashi, da faɗuwar darajar naira, da ribar da jarin asusun ke kawowa, da yawan masu fita in an gwada da sababbin masu shiga, sai a ga cewa tambayar ko kashi 25 ɗin nan zai isa nan da shekara talatin ba ta amsuwa da fatar baki, sai da alƙalami.

Kada mai sauraro ya zaci ana da'awar sanin gaibu. Ajalin mutum ɗaya, wannan sai Allah. Amma idan aka tara mutum dubu goma sa'o'in juna, aka dubi abin da ya auku ga waɗanda suka gabace su, ana iya ƙiyasta nawa ne za su ga baɗi, kuma galibi ƙiyasin ba ya nisa da gaskiya. Haka Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, ya yi a 1693, sa'ad da ya ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau ya fitar da jadawalin tsawon rai. Mu ma lissafin dukiya da mutuwa ba baƙonmu ba ne, domin duk almajirin da ya zauna gaban malami ya karanci fara'il ya san yadda ake fitar da sudusi da sumuni, kuma babban kaso na littafin aljabara na Alkawarizmi kan wasiyya da gado yake.

Malamanmu sun daɗe suna ƙyamar inshorar zamani saboda riba da garari da kamannin caca da ke cikinta, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Shi ya sa aka fito da takaful, wanda Sudan ta fara a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Sai dai shi ma takaful, da yake gudummawa ce ta taimakon juna, ba ya tsayuwa sai an sami wanda zai ƙididdige abin da kowa zai bayar. Manomin shinkafa na Ringim ko Miga da ambaliyar 2022 ta cinye wa gona ya san amfanin irin wannan asusu.

Abin takaici shi ne har yanzu kamfanoni da yawa a ƙasar nan da jadawalin mace-mace na Ingila suke aiki, saboda ba mu cika rubuta haihuwa da rasuwa ba. Ana auna ran mutumin Jahun da mudun Landan.

Ana karantar da wannan fanni a Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga shi kuma ya iso Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Karatu ne mai wuya, na lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki, kuma bayan digiri akwai jarrabawar ƙwarewa da ke cin shekaru. Iyaye, in kuna da yaro ko yarinya mai kaifin lissafi, ku nuna musu wannan ƙofa, ku kuma riƙa yin rajistar haihuwa da rasuwa a gidajenku.