Wayar Girke Ta Tafi, Manhajar Kyauta Ta Zo

A shekarun 1990, gidan da ke da wayar tarho gidan manya ne. Wayar tana girke a kan tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Wani ma har kwaɗo yake sa mata don kada yara su taɓa. Mutumin ƙauye kuwa, idan yana son magana da ɗansa da ke Legas, sai ya shiga mota ya tafi birni, ya bi layi a ofishin waya. Yau makiyayi yana tsakiyar daji, yana tambayar kuɗin shanu a kasuwa da wayar da ke aljihunsa.

Wannan sauyi kowa ya gan shi da idonsa. Amma akwai wani sauyi na biyu da ba a gani, domin a cikin na'ura yake faruwa. Mutane da makarantu da ofisoshi suna barin manhajar da ake saya, suna komawa ga ta kyauta. Dalilin sauye-sauyen biyu ɗaya ne. Mutum ba ya son ya ci gaba da biyan kuɗin abin da zai iya samun madadinsa da sauƙi. Sai dai kowane sauyi yana da riba, yana kuma da hasara. Mai hankali yakan san duka biyun kafin ya ɗaga ƙafa.

YADDA WAYAR GIRKE TA ƁACE

A Nijeriya, kamfanin gwamnati mai suna NITEL ne ke kula da wayar girke. An kafa shi a 1985. Kowane layi sai an ja masa igiyar tagulla daga ofishin waya har cikin gida. Wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa bai kai ƙauyuka ba. Har zuwa shekarar 2000, layukan waya a duk ƙasar wajen rabin miliyan ne kawai, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Mai neman layi yakan daɗe yana jira. Idan ya samu, ruwan sama yana iya lalata igiyar, ɓarayi kuma suna iya yanke ta.

A watan Janairu na 2001, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Kuɗin kowane lasisi dala miliyan 285 ne. A watan Agusta na wannan shekara kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Da farko kira yana da tsada, naira 50 a minti ɗaya, ko da mutum bai cika mintin ba. A 2003 kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai sauran suka bi sahu. NITEL ya yi ta ja da baya, har aka sayar da kadarorinsa tsakanin 2014 da 2015. A 2025 layukan salula masu aiki a Nijeriya sun haura miliyan 150.

Ba a Nijeriya kaɗai abin ya faru ba. A Amurka kusan kowane gida ya taɓa mallakar wayar girke. Amma a ƙarshen 2016, binciken hukumar lafiya ta ƙasar ya nuna cewa fiye da rabin gidaje sun dogara ga salula kaɗai. Magidanta sun ga ba dalilin biyan kuɗin waya biyu a kowane wata.

ABIN DA AKA RASA

Wayar girke ta tagulla tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Wutarta daga ofishin waya take zuwa, ta cikin igiyar. Saboda haka ko an ɗauke wutar lantarki a unguwa, tana aiki. Salula kuwa sai da caji. Idan batir ya mutu da tsakar dare, ga mace tana naƙuda, wayar ba ta da maraba da dutse. Haka nan idan turken sabis ya lalace, duk yankin ya yi shiru.

Har wa yau, wayar girke ta gida ce baki ɗaya. Kowa ya kira zai sami wani a gida. Salula ta mutum ɗaya ce. Idan maigida ya tafi kasuwa da ita, an bar tsofaffi da mata da yara ba hanyar neman taimako.

MECE CE MANHAJA?

Kwamfuta da wayar zamani ƙarfe ne da roba da gilashi. Ba sa iya komai sai da umarni. Wannan jerin umarni da masana ke rubutawa shi ake kira manhaja. Ita ce ke sa waya ta nuna hoto, ta aika saƙo, ta yi lissafi.

Manhaja iri biyu ce. Akwai rufaffiya. Kamfani ne ke rubuta ta, ya ɓoye asalin rubutun, ya sayar wa mutum izinin amfani kawai. Mai saye ba shi da ikon gyara ta, ba shi da ikon kwafa wa maƙwabcinsa. Windows da Microsoft Office suna cikin wannan rukuni. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda asalin rubutunta yake a fili, kowa yana iya dubawa.

Manomi zai gane bambancin da misalin iri. Akwai irin da ake saya a shago kowace damina, wanda idan aka sake shuka 'ya'yansa ba ya ba da amfani kamar na farko. Akwai kuma irin gida. Manomi yana zaɓen zangarniya mafi kyau ya ajiye, ya shuka baɗi, ya ɗiba wa ɗan'uwansa, ba ya neman izinin kowa. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar irin gida take.

WAƊANDA SUKA FARA

Wani masani Ba'amurke mai suna Richard Stallman yana aiki a jami'ar kimiyya ta MIT. Na'urar buga takardu ta ofishinsu tana yawan cushewa. Ya so ya gyara manhajarta, amma aka hana shi ganin asalin rubutun. Abin ya dame shi ƙwarai. A 1983 ya sanar da wani shiri mai suna GNU, na rubuta manhajar da ba wanda zai iya kulle ta. A 1985 ya kafa gidauniya don wannan aiki. Ya ce dole manhaja ta ba mai amfani da ita 'yanci huɗu:

1. Ya yi amfani da ita a duk aikin da ya ga dama.
2. Ya duba yadda aka tsara ta, ya gyara ta daidai da bukatarsa.
3. Ya kwafa ya ba wasu.
4. Ya raba wa jama'a gyaran da ya yi, don kowa ya amfana.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta ginshiƙin da shirin ya rasa. Aka kira shi Linux. Ya sa shi a intanet, ya ce duk mai iyawa ya taimaka. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu, kamar aikin gayya. Wannan ya gano kuskure, wancan ya gyara, wani ya ƙara sabon abu. Daga baya manyan kamfanoni suka shigo, suna biyan ma'aikatansu albashi don su yi aikin. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da wani nau'in Linux mai sauƙin amfani. Ya sa masa suna Ubuntu, kalmar Zulu mai nufin mutuntaka.

TANA NAN KUSA DA KOWA

Mai karatu zai iya zaton wannan magana ta Turawa ce kawai. Ba haka ba ne. Yawancin manyan wayoyin da ke hannun jama'a suna aiki da Android, wanda ya fara fitowa a waya a 2008. A kan Linux aka gina shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kamfanoni da yawa ke iya ƙera waya mai araha. Sai dai ba duk abin da ke cikin wayar ne buɗaɗɗe ba. Manhajojin Google da WhatsApp da Facebook ba a biyan kuɗin sauke su, amma rufaffu ne. Rashin biyan kuɗi daban, 'yanci daban.

Daɗin daɗawa, alƙaluman da asibitocin karkara ke tarawa kowane wata, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, ana shigar da su cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar aikinta. Nijeriya da Nijar duka suna amfani da ita. Shafin Wikipedia na Hausa ma a kan buɗaɗɗiyar manhaja yake tafiya.

RIBAR SAUYAWA

Ga mai shagon buga takardu, ko makarantar ƙauye, ko ƙungiyar manoma mai kwamfuta ɗaya, ribar farko ita ce kuɗi. LibreOffice yana rubuta wasiƙa, yana tsara lissafin shiga da fita, ba a biyan ko kwabo. Firefox yana shiga intanet. VLC yana kunna sauti da bidiyo.

Riba ta biyu ita ce kwanciyar hankali. Kwamfutoci da yawa na gwanjo suna zuwa da kwafin sata na manhajar sayarwa. Wannan ya saɓa wa doka. Kuma irin wannan kwafi yakan zo da cutar kwamfuta, mai lalata takardu ko satar lambobin sirri. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa halak ne a kwafe ta, masu ita ne suka ba da izini.

Riba ta uku ita ce tsawon rai. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Amma akwai nau'o'in Linux marasa nauyi da ke tafiya lafiya lau a kansu. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

INDA WAHALA TAKE

Labarin birnin Munik na ƙasar Jamus abin lura ne. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux. Aikin ya ɗauki shekara goma. Zuwa 2013 an sauya kwamfutoci kusan 15,000. Amma wasu ma'aikata suka yi ta ƙorafi cewa takardun da ake aiko musu daga wasu ofisoshi ba sa buɗewa daidai. Siyasa ma ta shiga. A 2017 majalisar ta zaɓi komawa Windows. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya kuwa, makarantun gwamnati sun koma buɗaɗɗiyar manhaja, aka kuma haɗa da horar da malamai. Can abin ya zauna da gindinsa.

Wahalhalun da ƙaramin mai shago zai tarar ba su da bambanci da waɗannan. Hannu ya saba da wani tsari, sai an sake koyo. Wata na'urar buga takardu ba ta jituwa da Linux. Wata takardar da aka rubuta da Microsoft Word takan sauya fasali idan aka buɗe ta a LibreOffice. Kuma idan abu ya lalace, ba kowane mai gyara a kasuwa ne ya san kanta ba. Mai gyaran da ya sani yana da haƙƙin karɓar ladan aikinsa. Manhajar ce kyauta, ba guminsa ba.

KAFIN A SAUYA

Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Ga matakan da ya kamata a bi.

Game da kwamfuta:

1. A kwafe duk takardu da hotuna masu muhimmanci a filashi, a ajiye shi wuri dabam. Sa sabuwar manhaja yana iya share komai.
2. A fara da kaɗan. Ana iya sa LibreOffice da Firefox a kan Windows, a yi wata ɗaya ana gwadawa.
3. Ana iya kunna Ubuntu daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan ne za a gwada na'urar buga takardu.
4. A tabbata akwai wanda ya san manhajar a kusa, a gari ko a hedkwatar ƙaramar hukuma.
5. A sauko da manhaja daga shafin masu ita na ainihi kawai.

Game da waya:

1. A rubuta lambobin dangi, da na ma'aikacin asibiti, da na direban da ke kusa, a littafi. Idan waya ta ɓace, littafin yana nan.
2. A tanadi hanyar caji ta biyu, kamar ƙaramin faifan sola.
3. Idan da hali, a ajiye ƙaramar waya mai riƙe caji a gida, wadda ba ta fita. Ita ce za ta maye gurbin wayar girke. A koya wa mata da tsofaffi yadda ake kira da ita.
4. Inda sabis ke yawan ɗaukewa, a riƙe layukan kamfani biyu.

Wanda ya koyi karatu da rubutu ya riga ya yi rabin wannan aiki. Shi zai rubuta lambobin gidansu a littafi da hannunsa. Shi zai karanta abin da na'ura ta nuna masa kafin ya danna. Wanda kuma bai gane wani mataki ba, sai ya kai wannan shafi ajin yaƙi da jahilci, a karanta tare da malami.